Jar Igiyar da Ke Rataye a Injin Jirgi

Duk injin jirgin ruwa na zamani, irin wanda ake ratayawa a jikin kwale-kwale, in an sayo shi sabo a kwali, yana zuwa da wata 'yar jar igiya mai murɗe kamar wayar tsohuwar tarho. Baki ɗaya ana maƙala shi a jikin inji, ɗaya bakin kuma direba ya ɗaura a hannu ko a ƙafa. In direba ya faɗa ruwa, igiyar ta fizge, inji ya mutu nan take. Kuɗinta bai kai na man tafiya ɗaya ba. Amma je ka bakin Tafkin Volta ranar kasuwar Yeji ko Dambai ka ƙirga direbobin da suka ɗaura ta. Ni dai a tafiye-tafiyena abin da na fi gani shi ne an nannaɗe ta a hannun inji, ko an cire ta ɗungurungum an cusa 'yar roba a gurbinta. Tarihin wannan igiya da sauran dabarun kare ran direba nake so in kawo, domin mafi yawansu a filin tsere aka koye su, kuma sai da aka yi jana'iza kafin a koya.

Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa ɗan zango da tseren jirgi, mu da aka sani da goro da shanu da ɗinki? Wanda ya san Ankara, wato birnin Accra, ya san amsar. Zongo Lane, inda Malam Naino ya kafa zangonsa a ƙarshen ƙarni na 19 kafin ɗansa Malam Bako ya fita ya kafa Sabon Zongo, tana tsakiyar tsohon gari ne. Daga nan zuwa bakin teku na Jamestown tafiyar ƙafa ce da yaro zai yi ya dawo kafin a neme shi. Kakanninmu sun zauna suna jin ƙarar teku da dare, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu suka yarda su shiga cikinta.

A wancan zamani Ankara ba ta da tashar da babban jirgi zai jingina. An buɗe tashar Takoradi a 1928, ta Tema kuma sai a 1962. Kafin nan manyan jirage can nesa suke tsayawa, a aika musu da jiragen katako masu faɗi waɗanda ƙarti ke tuƙawa da filafili mai baki uku, su ɗauko kaya su ratso raƙuman ruwa zuwa tudu. Atamfa da gishiri da kananzir da 'yan zango ke sarawa, ta wannan hanya suka sauka. Waɗannan matuƙa su ne 'yan tseren farko na Ankara. A lokutan biki akan haɗa su gasa a bakin Jamestown, kuma da Sarauniya Elizabeth ta zo Ghana a watan Nuwamba na 1961, tseren waɗannan jirage na cikin abubuwan da aka nuna mata. Da aka buɗe Tema, sana'ar ta mutu. Gasar filafili kuwa tana nan har yau a bikin Bakatue na Elmina, kamar yadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke da tseren kwale-kwale a bikin Argungu da Rigata ta Yawuri.

Daidai lokacin da wancan zamani ke rufewa ne injin ya shigo. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara gwada shi a kwale-kwalen masunta, zuwa shekarun 1960 ya bazu a bakin tekun Ghana. Masunta ba su canja jirginsu na itacen wawa ba. Wani ɗan katako suka kafa a gefen dama kusa da baya, suka rataya injin a kai, kuma haka ake yi har yanzu. Sabon inji ya kawo sabuwar sana'a, kuma kawuna, ƙanen mahaifiyata, na cikin samarin zango da suka bar gyaran mota suka koma gyaransa. Rumfarsa tana kusa da inda ake jan kwale-kwale tudu. A can na yi yawancin hutun makarantar ƙuruciyata, ina wanke masa fulogi da fetur a gwangwanin madara.

Kawu yana da wasu tsofaffin mujallun Turawa na jiragen ruwa da ya saya wurin masu sayar da takardun naɗe kaya. Turancinsa na gyara ne, bai wuce sunayen kayan inji ba, amma hoto ba ya ɓoye masa komai. A cikinsu na fara ganin wani ɗan jirgi kamar faifai, mutum a durƙushe a ciki, ruwa na tashi a bayansa kamar wutsiyar zakara. Na tambaye shi, "Kawu, me ya sa ba ya zama?" Ya ce, "Ɗana, dubi hannunsa na hagu, ka bar ƙafarsa. Abin da ke hannun nan shi ke riƙe da ransa." Sai da na girma na bi diddigin abin na gane nufinsa.

Asalin injin daga ƙasashen Turawa ne. Wani Bafaranshe, Gustave Trouvé, ya gwada na lantarki a Paris a 1881. Wanda ya mai da shi kayan kasuwa shi ne Ole Evinrude, haifaffen Norway da ya girma a Amurka, wanda ya fara sayar da nasa a birnin Milwaukee a 1909. Ƙarfinsa doki ɗaya da rabi ne kacal. Ana ba da labarin cewa wahalar tuƙi da hannu a rana mai zafi, don ya sayo wa budurwarsa Bess abin sanyi, ita ta sa shi tunanin. A farkon shekarun 1920 'yan'uwan Johnson suka fito da inji marar nauyi na alminiyam, a 1939 kuma Carl Kiekhaefer ya kafa kamfanin da ya haifi Mercury. Yamaha, wadda sunanta ya kusa zama sunan injin a bakin masuntanmu, sai a 1960 ta yi nata na farko.

Ɗan Adam kuwa, da zarar mutum biyu sun mallaki abin hawa iri ɗaya, gardamar wa ya fi gudu ta tashi. Ƙungiyar tseren jiragen inji ta Amurka, APBA, tun 1903 take, ta duniya kuma, UIM, an kafa ta a 1922. A ƙarshen shekarun 1920 tseren ƙananan injuna ya zama wasan talaka, domin kafinta zai iya haɗa jirgin a bayan gida da falange. Aka raba injuna aji-aji gwargwadon girmansu, A da B da C da sauransu. Akwai tseren zagaye, inda ake kewaya alamomi masu iyo ana karya kwana ta hagu. Akwai kuma na dogon zango, kamar wanda aka fara a 1928 daga Albany zuwa New York a kan kogin Hudson, wajen mil 130, da na Pavia zuwa Venice a Italiya da aka fara a 1929. A 1958 wani Ba'amurke, Hugh Entrop, ya kai gudun mil 107 a awa da injin Mercury a Tafkin Washington, wato sama da kilomita 170.

Yanzu ga sirrin durƙuson. Jirgin tseren wancan zamani ba ratsa ruwa yake yi ba kamar kwale-kwale. In ya ɗauki gudu, iska ce ke shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi, ya zama ɗan kaɗan ne na jikinsa ke taɓa ruwa. Jirgin ba shi da nauyi, saboda haka jikin direba shi ne ma'auni. Wajen tashi yakan kwanto gaba har ƙirjinsa ya kusa taɓa hancin jirgi don ya danne shi ya hau kan ruwa. In gudu ya kankama ya ja baya. A kwana ya karkata ciki. In ya ji iska ta fara ɗaga hancin fiye da kima, ya yi maza ya koma gaba ya sassauta mai, in ba haka ba jirgin ya miƙe tsaye ya wuntsila baya da shi. Mutumin da ke zaune a kujera ba zai iya wannan motsi cikin ƙiftawar ido ba.

Direban da ke durƙushe ba a ɗaure yake ba. Tunanin lokacin shi ne gara jirgi ya jefar da kai da ka kife tare da shi. To amma in ya jefar da kai inji na ci, me zai faru? Jirgin da ba kowa a kansa, ƙarfin juyawar farfela kan karkatar da injin gefe guda, sai ya shiga zagaye, kuma da'irar da yake yi takan dawo daidai inda mutumin ya faɗi. Maganin da 'yan tsere suka samo shi ne totur na hannu mai sifirin, wanda dole sai kana matse da shi inji zai ci gaba da gudu. Ka sake shi, da gangan ko don ka suma ko don an yi jifa da kai, mai ya yanke. Turawa suna kiransa totur na mamaci. Abin da ke hannun hagun mutumin cikin hoto ke nan. Jar igiyar yau aiki ɗaya suke yi da shi, sai dai ita wutar inji take yankewa.

Sai rigar ruwa. Abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne rigunan ceto na wancan zamani audugar rimi ake cusa musu, irin wadda iyayenmu mata ke cika matashi da katifa da ita. Zaren audugar rimi yana da rami a ciki kuma ba ya saurin shan ruwa, shi ya sa take iyo. Mafi yawan wadda duniya ta yi amfani da ita daga tsibirin Java ta fito, amma itacen shi ne dai rimin da ke tsaye a Zariya da Tamale. Aibinta shi ne in fetur ko mai ya jiƙa ta, ko an daɗe ana zama a kanta ta danne, ƙarfinta ya ragu, shi ya sa daga baya aka koma soso na roba. 'Yan tsere sun ƙara wa rigar abu biyu: ƙwala mai kauri da ke juyo da fuskar wanda ya suma sama, da maɗauri ta tsakanin cinyoyi don kada ruwa ya tuɓe masa ita in ya faɗi da gudu. Ruwa a irin wannan gudu taurinsa kusan na daɓen siminti ne.

Hular kwano ma ta zama dole, kuma aka ce a shafa mata fenti ruwan lemo mai haske, domin kan mutum a cikin ruwa ƙarami ne, direban da ke tahowa a baya yana bukatar ya hango shi da wuri. Aka sa doka cewa wanda ya faɗi, in lafiyarsa ƙalau, ya haɗa hannuwansa biyu a saman kai don masu ceto su gani. Wanda bai yi haka ba, an san yana cikin hali. Aka ajiye jiragen ceto a kowace kwana, aka sa tutoci na tsayar da tsere. Saboda farfela kan yanka wanda ya faɗi, daga baya aka zo da wando da hannun riga na zaren Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a 1965. Injunan tsere da yawa kuma wani irin sifirit suke sha gauraye da man zurma, wanda wutarsa kusan ba a ganinta da rana, don haka abin kashe gobara bai rabuwa da wurin shan mai.

Duk da haka gudu ya ci gaba da fin dabara. Gasar duniya ta manyan injuna da ake kira Formula 1 ta ruwa ta fara a 1981, da jiragen falange masu gudun da ya wuce kilomita 200 a awa. A 1984 kaɗai direbobi huɗu suka mutu, cikinsu har da Tom Percival na Ingila, a birnin Liège na Beljiyam. Abokin aikinsa, maƙerin jirage Chris Hodges, shi ya zauna ya ƙera wani akwati mai ƙarfi da direba zai zauna a ciki a ɗaure da bel, ko jirgin ya tarwatse akwatin ya tsira. Wannan ya juya tsohon tunani gaba ɗaya, domin yanzu ana so direba ya zauna cikin jirgi maimakon a jefar da shi. Direbobi da yawa sun ƙi da farko, suna tsoron nutsewa a ɗaure. Sai aka haɗa da kwalbar iska, da masu ninƙaya a jiragen ceto, da jarrabawar da ake kifar da direba a cikin ruwa a ga ko zai iya kwance kansa ya fito kafin a ba shi lasisi.

A bakin Jamestown mu ma muna da namu tseren, ko da yake ba tuta ba alƙali. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da kifi ke yawa, kwale-kwalen da ya fara isa tudu shi ke samun farashi mai kyau wurin mata masu saye. Za ka hango biyu ko uku sun jero, injuna na kuka, yara na ihu a bakin ruwa kowa na kiran sunan nasu. Masuntan Ga da Fanti suna da iliminsu na gado wanda ba a rubuce yake ba. Suna tsayawa bayan inda raƙuman ruwa ke karyewa su ƙirga su, su bar manya su wuce, sannan su bi bayan ɗaya. Suna ɗaga inji kafin ya taɓa yashi. Ba wanda ke tsayawa tsakanin kwale-kwale da tudu, don in ruwa ya turo shi kanka zai hau. Ranar Talata kuma ba a shiga teku, ranar gyaran koma ce da inji, ranar da rumfar Kawu ke cika.

Abu ɗaya ne ya riƙa damunsa. Kowane inji akwai igiya mai kauri da aka ɗaure shi da ita a jikin jirgi, don in ya zame kada ya nutse. Wata rana ya ce wa wani mai jirgi, "Maigida, injinka ka ɗaure shi, madalla. Yaron da ke riƙe da shi fa?" Mutumin ya yi dariya ya ce yaron ya iya ruwa, inji kuwa bai iya ba. Gaskiya ne, ɗan masunci a ruwa aka haife shi. Matsalar ta fito ne da injin ya bar teku ya hau tafki, ya fara ɗaukar mutanen da ba su taɓa iyo ba.

An gama madatsar Akosombo a 1965. Tafkin da ta haifar ya kai wajen murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutane kusan 80,000 daga gidajensu. Cikin wuraren da ruwa ya ci har da tsohon garin Kete Krachi, inda Hausawa suka taru bayan yaƙin Salaga na 1892, garin Alhaji Umaru, babban malamin da ya rasu a 1934. Hanyoyin da fatake suka bi da ƙafa suka koma ƙarƙashin ruwa, jirgi mai inji ya zama motar haya. Ba a sare dajin ba kafin a cika tafkin, saboda haka itatuwa suna nan tsaye a ƙarƙashi, kuma in ruwa ya ja baya kututturansu ne ke fasa cikin jirage. Kawu ya koma Yeji a ƙarshen rayuwarsa, domin aiki ya fi yawa a can. Shi ya ba ni labarin wani direba a wata mashiga da jirginsa ya bugi kututture ya cilla shi ruwa, injin na ci, jirgin cike da mata da buhunan kifi ya shiga zagaye, ba wanda ya san inda ake kashe shi. Allah ya sa wani yaro ya fizge bututun mai. Direban ya rayu, amma farfela ta raba shi da amfanin hannu ɗaya.

Wannan ba matsalar Ghana ce kaɗai ba. A watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara a Jihar Kebbi da mutane fiye da ɗari. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara wani ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. A Yunin 2023 fiye da mutum ɗari da ke dawowa daga biki suka halaka a Patigi ta Jihar Kwara. In ka bi dalilan da akan bayar, kusan iri ɗaya ne: lodi ya wuce kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, ba rigar ruwa. Ko a Amurka ma, sai a watan Afrilu na 2021 dokar tarayya ta tilasta wa direbobin ƙananan jiragen shaƙatawa ɗaura igiyar kashe inji, shekaru da dama bayan 'yan tsere sun mai da irinta farilla.

Na san amsar da akan bayar a zango, cewa in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa. Haka ne. Amma malamanmu na Nima da Maamobi su ne suka karantar da mu cewa sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali. Ɗan tseren 1950 da ya shiga jirginsa don ganin dama, shi kaɗai, an hana shi tashi sai da riga da hula da totur mai kashe kansa. Gwaggonmu da ke haye tafki daga Yeji zuwa Makango don zuwa suna a Salaga ba wasa ya kai ta ba, kuma ba ita ta zaɓi direban ba.

Hukumar kula da sufurin ruwa ta Ghana, wadda aka kafa da dokar 2002, tana zana layin iyakar lodi a jikin jirage, tana kuma kira a sa riga. Amma ma'aikaci ba zai kasance a kowace mashiga ba, fasinja kuwa yana nan kullum. Abin da na ɗauko daga rumfar Kawu, kuma nake gaya wa duk wanda zai yi tafiya arewa ta ruwa, kaɗan ne. Ka duba layin lodi, in ruwa ya rufe shi ka sauka ka jira na gaba. Kada ka hau bayan la'asar sakaliya. Ka nemi riga, ka ɗaure ta sosai, ka fara da yara. Ka tambayi direba inda ake kashe inji, ka tabbata wani ban da shi ya sani. In ka ga jar igiyar a nannaɗe a hannun inji, ka ce masa cikin ladabi ya ɗaura ta. Sarakunan zango da ƙungiyoyin matasanmu da ke tara kuɗin jana'iza za su iya tara na riguna ashirin su ajiye a mashigar da mutanenmu suka fi bi.

Kamfanin da ke ƙera Evinrude ya daina yin sa a 2020, bayan shekara ɗari da goma sha ɗaya. A Amurka da Turai har yanzu akwai dattawan da ke gyara tsofaffin jiragen durƙuso suna fitowa da su a nuna wa jama'a, kuma ko a wannan nuni ba a barin kowa ya taɓa ruwa sai an duba rigarsa da hularsa da abin kashe injinsa. Allah ya jiƙan Kawu da duk waɗanda ruwa ya ci, ya kiyaye matafiyanmu.